TAFIYA LAKWAJA DA ƘARAMIN GUZURI: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA NA ƘASAR DAURA

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da magatakardansu na ƙasar Daura, watau na yankunan Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Akan sami saurayi, ko ɗan makaranta ko malami ko mai sana'a, ya tara 'yan kuɗi kaɗan, ya ce zai tafi shi kaɗai ya ga wani gari mai tarihi. Sau da yawa iyaye ba su yarda, har magana ta kai gaban Mai unguwa ko Dagaci, daga nan ta iso ga Hakimi. Hani kawai ba ya magance abin, gama wanda aka hana da rana yakan sulale da dare, ba takarda, ba sallama. Abin da ya fi shi ne a san inda za shi, a shirya shi, a kuma san ranar komowarsa. An ɗauki Lakwaja misali, domin ita ce tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Arewa, kuma tarihinta ya shafi sarautun ƙasar Hausa ƙwarai.

INDA GARIN YAKE

Lakwaja tana daidai mahaɗar manyan koguna biyu, Kwara da Binuwai, a gindin wani dutse da ake kira Patti. Dā ita ce hedkwatar Lardin Kabba cikin Jihar Arewa. Tun ran 27 ga Agusta 1991 ta zama babban birnin Jihar Kogi. Mazaunanta iri iri ne: Oworo, Nufawa, Kakanda, Igala, Igbira, Basa, Yarabawa da Hausawa. Sarkin garin ana ce masa Maigari. Baƙon da ba ya jin wani harshe sai Hausa ba zai rasa abokin magana a kasuwa ko a masallaci ba.

YADDA TA ZAMA TASHAR JIRAGE

Turawa sun daɗe ba su san inda Kwara take zuba ba, sai a 1830 da wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi ta cikin kwalekwale daga Busa har teku. Tun daga nan Ingila ta sa ido a kan mahaɗar nan, don wanda ya riƙe ta ya riƙe hanya biyu ta shiga cikin ƙasa.

A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu tafiya da tururi, hafsoshin sojan ruwa ne ke jan su. Suka karɓi fili a hannun Attan Igala, suka kafa gona kusa da mahaɗar. Zazzaɓi ya kashe kusan sulusin Turawan da ke ciki, aka watsar da gonar. Cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843.

A 1854 wani likitan sojan ruwa, William Baikie, ya hau Binuwai da jirgi mai suna Pleiad. Ya sa mutanensa shan kwinin kullum, aka je aka komo ba wanda ya mutu. Wannan shi ya buɗe wa Turawa kogin. Da ya sake zuwa a 1857 jirginsa ya bugi dutse kusa da Jabba ya fashe. Bai koma gida ba, sai ya gangaro ya zauna a Lakwaja wajen 1860, da yardar Masaba, Etsu Nupe. Ya kafa kasuwa, fatake suka riƙa zuwa, ya koyi Hausa, har ya kai ziyara Kano a 1862. Wani hafsa da ke tare da shi a jirgin da ya fashe, John Glover, shi ne ya tara rundunar Hausawa a Ikko a 1863, wadda Sojan Nijeriya suke lissafin asalinsu daga gare ta.

Bayan haka Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, ya ajiye dakarunsa a garin. Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfani a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Ingilishi. A wannan shekara aka kafa Sashen Jiragen Ruwa na Arewa, aka gama shi da na Kudu a 1914, kuma daga wannan tushe ne Sojan Ruwa na Nijeriya suka fito a 1956. Soja da bindigogi da harsashin da aka ci Kano da Sakkwato da su a 1903, ta kogin nan aka hau da su.

Abin da ya rage wa garin ƙarfi kuwa shi ma ta gabansa ya wuce. Ƙarafan dogo da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano, a jirgin ruwa aka hau da su. Dogo ya isa Kano a 1911, aka gama gadar Jabba a 1916, sai gyaɗa da fata da auduga suka koma bin jirgin ƙasa zuwa Ikko. Duk da haka har yanzu a Lakwaja hedkwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa take, kuma Sojan Ruwa suna da sansani a can mai sunan Lugga.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Na farko, kaburburan sarakuna. Turawa sun mai da Lakwaja wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, don ta yi nisa da jama'arsu. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a can ya rasu a 1926. An kai Sarkin Zazzau Kwasau, daga baya kuma aka kai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Mai neman kaburburan sai ya tambayi unguwar Kabawa. Ya je da ladabi, ya gai da dattawan unguwa, ya yi wa mamatan addu'a. Ɗan sarauta da ya tsaya a wurin nan ya koyi abin da ba a koyar da shi a aji.

Na biyu, Dutsen Patti, wanda tsawonsa ya yi kamar ƙafa 1,500. A bisansa akwai gidan hutun Gwamna Lugga, kuma daga can ake hangen kogunan biyu suna haɗuwa. Hawansa da ƙafa ba ya cin ko kwabo, amma a fara da sassafe kafin rana ta yi zafi, a riƙe ruwan sha, a kuma nemi ɗan gari ya yi rakiya.

Na uku, abubuwan da ke cikin gari: gidan ajiye kayan tarihin zamanin Turawa, maƙabartar Turawa, inda shekarun da aka rubuta a kan duwatsu suke nuna yadda zazzaɓi ya cinye samari, hasumiyar tunawa da sojan da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, da makarantar Holy Trinity da aka kafa a 1865. Akwai kuma ƙarafan nan da ake kira Ƙarfen 'Yanci, inda ake tunawa da bayin da aka 'yanta.

Na huɗu, bakin kogi da tsohuwar kasuwa, inda ake sauke kifi da doya. Kwana biyu cikakku sun isa a ga waɗannan duka ba da gaggawa ba.

HANYA DA LOKACI

Daga Daura hanya ta bi ta Kazaure zuwa Kano, sa'an nan Zariya, Kaduna, Abuja, Abaji, Koton Ƙarfe, a haye Kwara ta Gadar Murtala Muhammed a isa Lakwaja. Nisan ya haura kilomita 700. Kada a yi ƙoƙarin cinye shi a yini ɗaya. A kwana a Kano ko Kaduna wajen dangi, a yi sammako. Tsakanin Kaduna da Abuja akwai jirgin ƙasa tun 2016. Hanyoyin nan sun sha fama da 'yan fashi da masu satar mutane, har jirgin ƙasan ma an tare shi a watan Maris 2022. Saboda haka ƙa'ida ɗaya ce: a shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja, kada a tsai da ta bakin titi don neman rangwame, kada kuma a yi tafiyar dare.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Satumba da Oktoba kogi yakan cika ya yi ambaliya. A 2012, da kuma 2022, ruwa ya shafe hanya a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwana da kwanaki a tsaye. Mai ƙaramin guzuri in ya faɗa cikin irin wannan, kuɗinsa a hanya za su ƙare. A bazara kuwa zafin garin mai gumi ne, ba irin na Daura ba.

TATTALIN GUZURI

Kuɗin mota yana sauyawa da farashin mai, don haka a tambaya a tasha ana kusa da tashi. Ko nawa ne a hannu, a kasa shi huɗu: na zuwa, na komowa, na ci da kwana, da na ko-ta-kwana. Na komowa ba a taɓa shi ko da yunwa ta yi tsanani. Ya fi kyau a bar shi a banki ko a hannun wani amintacce a gida wanda zai aika in an buƙata. Matafiya da dama ba ɓarawo ne ya tsai da su a baƙon gari ba, cin kuɗin komowa ne.

Abinci na gida yana rage kashe kuɗi: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo, soyayyar gyaɗa, kilishi in da hali. Masauki shi ne mai cin kuɗi. Wanda ya zo da takardar Hakiminsa ya nufi shugabannin Hausawan gari ko limamin unguwa, da wuya ya kwana a waje. In an sauke shi, ya yi wa mai masauki 'yar tsaraba, kada kuma ya wuce kwana uku. Ya tafi da gidan sauro, gama sauron bakin kogi ba ya hutu rani da damina, zazzaɓin da ya kashe mutanen 1841 kuwa yana nan.

MAGANAR RUWA

Wannan ita ce ta fi kowace muhimmanci. Mutumin Daura ɗan tudu ne, ruwan da ya sani rijiya ce da tafki da madatsa. Jama'ar ƙasar nan ba su manta da abin da ya auku a yankin Mai'aduwa a watan Mayu 2022 ba, da kwalekwale ya kife da masu yawon Salla, yara da dama suka rasu. To, in ruwan da ke kwance ya yi haka, ina ga Kwara mai gudu? Baƙo yakan so a kai shi tsakiyar mahaɗa, masu kwalekwale kuwa suna nan a bakin ruwa, kamar a Ganaja. Hukumar Hanyoyin Ruwa ta wajabta sa rigar da ke hana nitsewa, ta hana lodi fiye da kima, ta hana tafiyar dare. Duk jirgin da ba riga a ciki, ko wanda aka cika har ruwa ya kusa bakinsa, kada a shiga komai arharsa. Kada a yi wanka a kogi. Wanda bai sami jirgi mai aminci ba bai yi hasarar komai ba, don daga kan Patti an fi ganin mahaɗar sosai.

Haka nan kuma kada a ɗauki hoton sansanin soja, ko gada, ko shingen 'yan sanda. Baƙon da ke shi kaɗai in aka tsare shi, ba mai shaidarsa sai takardar da ke aljihunsa.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

1. A tabbata matafiyin baligi ne, kuma iyayensa ko waliyyinsa sun sani. Yaro ƙarami ba a sallamarsa shi kaɗai.

2. A ga katinsa na shaidar ɗan ƙasa. In ba shi da shi, ya nema tukuna.

3. Magatakarda ya rubuta masa takarda da Hausa da Turanci, mai ɗauke da sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, da dalilin tafiya, a buga mata hatimin Hakimi. Ba a karɓar komai a kan wannan.

4. A shigar da sunansa a littafi, da lambar wayarsa, da ta wani nasa, da ranar tashi, da ranar da ya ce zai komo.

5. A umarce shi ya riƙa kiran gida kullum da magariba. In an kwana biyu ba a ji shi ba, Mai unguwa ya sanar da Dagaci, Dagaci ya sanar da Hakimi, Hakimi ya sanar da 'yan sanda ba da jinkiri ba.

6. In ya komo, a kira shi ya ba da labari a gaban jama'a, ko a makarantar garin, a rubuta abin da ya kashe da inda ya sauka, don amfanin na baya.

Mutanen Daura sun saba ganin baƙi daga nesa suna zuwa kallon rijiyar Kusugu, sun kuma san bambancin baƙon da ya zo da shiri da wanda ya zo kara zube. Yanzu da aka kafa Jami'ar Sufuri a Daura, ga kuma aikin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka soma a 2021 ya biyo ta ƙasar, samarin da ke son sanin yadda hanyoyin ruwa da na ƙarfe suka sauya ƙasar nan za su ƙaru. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda ga Dagatai da Masu unguwanni a zamansu na gaba, magatakarda kuma su ajiye kwafi ɗaya a ofis.