Fijo 504 Da Kunkuru: Wacce Ta Fi Dacewa Da Hanyoyinmu?

A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motoci biyu a ƙasar nan waɗanda har yau dattawan direbobi ba su gama gardama a kansu ba. Ɗaya ita ce Peugeot 504 ta Faransa, wadda muke kira Fijo, ana harhaɗa ta a Kaduna. Ɗayar kuwa ita ce Volkswagen Beetle ta Jamus, wadda saboda ƙusumbinta wasu ke kira Kunkuru, ana harhaɗa ta a Ikko. Lokacin ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, don haka ma'aikaci da ariyas a hannu sai ya tsaya yana tunanin wacce zai saya.

Kunkuru ita ce babba a shekaru. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1972 ta zarce Ford Model T a yawan waɗanda aka ƙera. Injinta mai silinda huɗu yana baya, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka babu lagireto, balle a yi ta neman ruwa a hanya. Samfurin 1200 yana da ƙarfin doki 34, iyakar gudunsa kuwa wajen kilomita 115 a awa.

Ita Fijo 504 a 1968 ta fito, a 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Injinta yana gaba, ruwa ke sanyaya shi. Mai lita 2 ɗin nan ƙarfinsa ya haura doki 90, yana kuma kai wajen kilomita 160 a awa. Ke nan in ana maganar gudu, Kunkuru sai dai ta sha ƙura.

To, amma hanyoyinmu ba gudu kaɗai suke tambaya ba. Nauyin injin Kunkuru yana kan tayoyin baya, su ne kuma ke tura motar, shi ya sa ba ta cika kafewa a rairayi ko taɓo ba. Ga ta da rashin nauyi, domin ba ta kai tan ɗaya ba, mutum biyu sun isa su tura ta. Aibinta shi ne in fanbel ya tsinke, fankar da ke hura wa inji iska ta tsaya ke nan, direban da ya ƙi tsayawa kuwa zai ƙone injinsa. Ga ƙofa biyu kacal, ga ƙaramin but a gaba wanda ba ya ɗaukar kayan kirki.

Nan ne Fijo ta yi mata fintinkau. Tana da ƙofa huɗu da yalwar wurin zama, tana kuma shanye gargada yadda fasinja zai yi barci a hanyar da ba kwalta. Ta nuna ƙarfinta a 1975 da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka. Doguwar, wato wagon, ita ta riƙe tashoshin mota shekara da shekaru, daga Kano zuwa Jos, daga Sakkwato zuwa Ikko. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ma ita ta mayar motar manyan jami'anta.

Hukuncin dai a fili yake. Malamin makaranta ko akawu mai ƙaramin iyali, mai neman sauƙin mai da sauƙin gyara, Kunkuru ta ishe shi. Mai iyali da yawa, ko mai neman abinci da mota, Fijo ce tasa.

An ƙera Kunkuru ta ƙarshe a Meziko a 2003, bayan an yi sama da miliyan 21. Fijo kuwa, ko da aka daina ƙera ta a Faransa, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin. Yau da motocin gwanjo suka cika titunanmu, abin tambaya shi ne yaushe za mu sake ganin sabuwar motar da aka harhaɗa a gida, wadda albashin ma'aikaci zai iya saye.