Abin da ke hana masu jego motsa jiki a Sabon Garin Keffi

A gidajen Hausawa na unguwar Sabon Gari da ke Keffi, mace idan ta haihu ba ita kaɗai ke da iko da jikinta ba. Mahaifiyarta ko uwar mijinta ce ke tsara mata kwana arba'in: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da zaman ɗaki. Manufar ita ce jiki ya huta, sai dai sau da yawa hutun kan koma kwanciya daga safe har dare.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta shawarci mai jego da ba ta da wata matsala ta riƙa matsakaicin motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ta fara da kaɗan tana ƙarawa. Zagaya tsakar gida tun kwanakin farko yana rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Wadda aka yi wa tiyata kuwa sai ta bi umarnin likita.

Bayan al'ada akwai ƙarancin lokaci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun mako 6 bayan haihuwa. Wadda ke aiki a Abuja, mai nisan kusan kilomita 50, tana komawa bakin aiki za ta shafe sa'o'i zaune a mota cikin cunkoson Mararaba da Nyanya. Ta gida kuma wanki da girki da ɗibar ruwa sun cinye mata yini, ga shi ɗaukar jarka mai nauyi a makonnin farko kan cutar da baya da mara.

Akwai kuma gajiyar da alamar ciwo ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da kanwa da tsananin zafi. Don haka mai jegon da ke haki ko ƙafafunta suka kumbura, a gaggauta kai ta asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi.

Duba lafiyar mako 6 yana faɗowa kwana biyu bayan arba'in. Idan uwar miji da maigida suka raka mai jego, suka ji bayanin ma'aikatan jinya da kunnensu, zai yi wuya a hana ta tattakin minti 30 da yamma.