Aikin Gida na Jometiri ga Malaman Lissafi na Gobe: Matsalar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce wani abokin aikina na sashen lissafi ya kawo mini takardar aikin gida da yake ba ɗalibansa, waɗanda ake shiryawa don su koyar da lissafi a makarantun sakandare. Darasin na jometiri ne, wato reshen lissafi da ke nazarin ɗigo da layi da kusurwa da siffofi, wanda Larabawa ke kira handasa. Buƙatarsa ita ce in taya shi mayar da tambayoyin cikin Hausa. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne, sai ga shi mun kwashe yini biyu a kan tambayoyi uku kacal, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke neman a buga lissafi a fitar da lamba. Dukkansu bayani suke nema a rubuce.

Wannan takarda za ta bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Batun ya shafi ɗaliban wannan sashe kai tsaye, domin tun shekarar 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, sannan a shekarar 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk lokacin da aka tashi rubuta littafin lissafi da Hausa, ƙofar masu nazarin harshe za a ƙwanƙwasa, kuma wanda bai fahimci aikin da kalma take yi a cikin hujja ba, zai iya fassara ta da Hausa mai daɗi amma ya rushe darasin.

2.0 Dalilin da ya sa aikin ya bambanta

Mai shirin zama injiniya yana buƙatar ya san cewa jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, ya yi aiki da ita. Mai shirin zama malami kuwa, ban da wannan, sai ya san dalili, ya kuma san abin da zai ce wa yaron da ya kawo amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. Masanin lissafi na Jamus, Felix Klein, ya koka tun a shekarar 1908 cewa ɗalibi yakan shiga jami'a ya manta da lissafin makaranta, in ya fito ya zama malami kuma ya manta da na jami'a. Irin wannan darasi an tsara shi ne don ɗinke wannan ɓaraka.

Haka kuma a shekarar 1957 wasu malamai biyu ƴan ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina van Hiele-Geldof, sun nuna cewa yara suna hawa matakai ne wajen fahimtar jometiri. Da farko yaro yana gane siffa da kamarta, daga baya ya iya lissafa halayenta, sai can gaba ya ga yadda wani hali ke haifar da wani. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsu shi ne cewa kowane mataki yana da harshensa. Malami da yaro suna iya furta kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

3.0 Tambaya ta farko

Ga yadda muka mayar da ita: "Wani yaro ya ce murabba'i ba mustaɗili ba ne. Me za ka ce masa?" Kalmomin biyu daga Larabci suke, sai dai murabba'i ta zauna a Hausa, ta biyun kuwa baƙuwa ce ga mafi yawan yara. Mustaɗili shi ne siffa mai gefe huɗu wadda kusurwoyinta huɗu duk digiri 90 ne. Murabba'i ya cika wannan sharaɗi, ya ƙara da cewa gefensa huɗu tsawonsu ɗaya. Ke nan kowane murabba'i mustaɗili ne, kamar yadda kowane rago dabba ne, amma ba kowane mustaɗili ne murabba'i ba. Tarkon mai fassara a nan shi ne ya ce "dogon murabba'i" don yara su gane da sauri. In ya faɗi haka ya goyi bayan yaron ke nan, domin ya sa tsawo cikin ma'anar, ya fitar da murabba'i daga gidan da yake da gado a ciki.

4.0 Tambaya ta biyu

"Wata yarinya ta yanka alwatika da takarda, ta yage kusurwoyinsa uku, ta jera su suka yi miƙaƙƙen layi. Ta ce ta tabbatar da cewa jimlarsu digiri 180 ce. Shin ta tabbatar? In ba ta tabbatar ba, kawo hujja."

Amsar da ake so ita ce yarinyar ta nuna, amma ba ta tabbatar ba. Alwatika ɗaya ta gwada, kuma ido ba ya rarrabe digiri 180 da 179. Hujja kuwa dole ta hau kan kowane alwatika, har wanda ba a taɓa zanawa ba. Ga yadda take: a ɗauki alwatika ABC, a ja layi ta kan ɗigon A wanda ba zai taɓa haɗuwa da gefen BC ba. Yanzu a ɗigon A akwai kusurwa uku a jere kan miƙaƙƙen layi. Ta tsakiya ita ce ta alwatikan kansa. Ta ɓangaren B girmanta ɗaya da kusurwar B, ta ɓangaren C kuma girmanta ɗaya da kusurwar C. Tun da ukun nan sun cika miƙaƙƙen layi, jimlarsu digiri 180 ce, don haka jimlar A da B da C ma haka take. Wannan hukunci yana cikin littafin Iƙlidis na Iskandariyya, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne mas'ala ta 32 a juzu'i na farko daga cikin juzu'i 13.

A nan kalmomi biyu suka ba mu wuya. Ta farko ita ce kusurwa. A Hausar yau da kullum kusurwa wuri ce, inda bango biyu suka haɗu, inda ake jingine tsintsiya. A jometiri kuwa abin da ake aunawa shi ne buɗewar da ke tsakanin layi biyu, shi ya sa miƙaƙƙen layi, wanda ba shi da lungu ko kaɗan, yake da kusurwa ta digiri 180. Malamin da bai tsaya ya warware wannan ba, yara za su haddace hujjar ba tare da sun yarda da ita ba. Ta biyu ita ce daidai. Kalmar tana nufin abin da ba kuskure a cikinsa, tana nufin abu biyu masu girma ɗaya, tana kuma nufin abin da ya zauna cif. Mai karatu zai lura cewa a cikin hujjar da ke sama na guje mata, na ce "girmanta ɗaya". Da gangan na yi.

5.0 Tambaya ta uku

Wannan ita ce ta ci mana yini guda. "A wane wuri hujjarka ta dogara da ƙa'ida ta biyar ta Iƙlidis?"

Iƙlidis ya gina littafinsa a kan ƙa'idoji biyar da ya nemi a sallama masa ba tare da hujja ba. Huɗun farko gajeru ne, kamar cewa ana iya jan miƙaƙƙen layi daga kowane ɗigo zuwa wani. Ta biyar doguwa ce, kuma yau an fi koyar da ita ta sigar da John Playfair ya yaɗa a shekarar 1795: in akwai layi da wani ɗigo a wajensa, to layi ɗaya tak ne zai bi ta ɗigon bai haɗu da na farkon ba. A cikin hujjar da ta gabata, wurin da aka ce kusurwar gefen A girmanta ɗaya da ta B, nan ne ƙa'idar ta shigo.

Masana sun daɗe suna jin cewa wannan ƙa'ida ta yi nauyin da bai kamata a sallama ta haka kawai ba. Bayan an fassara littafin zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashid, Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi duk sun yi ƙoƙarin fitar da ita daga sauran huɗun, haka ma Saccheri a Italiya a shekarar 1733. Babu wanda ya dace. Sai a shekarar 1829 Lobachevsky a Rasha, da Bolyai na Hangari a shekarar 1832, suka buga jometirin da ya ajiye ƙa'idar gefe, wanda a cikinsa jimlar kusurwoyin alwatika ba ta kai digiri 180 ba. Akwai kuma misalin da ɗalibi zai iya gwadawa da lemo: a bayan ƙwallo, in aka sauko daga ƙololuwa zuwa tsakiya, aka zagaya rubu'in da'ira, aka koma ƙololuwa, an sami alwatika mai kusurwa uku kowacce digiri 90, jimla 270.

To, yaya za a kira layukan nan da ba su haɗuwa? Ni na kawo shawarar "layuka masu tazara ɗaya", ina tunanin ƙarafan titin jirgin ƙasa, kuma har yanzu ina ganin ita ta fi daɗi a kunne. Abokina ya ƙi. Dalilinsa shi ne, cewa ɗigogin da ke nesa ɗaya da wani miƙaƙƙen layi su ma miƙaƙƙen layi suke yi, wannan magana ita ce ƙa'ida ta biyar da kanta ta sake riga. Da yawa daga cikin waɗanda suka zaci sun tabbatar da ƙa'idar, a irin wannan rami suka faɗa. Da mun sa kalmar tawa, da ɗalibi ya karanta tambaya ta uku ya ga babu abin tambaya, tun da fassarar ta riga ta ba shi abin da ake so ya gano cewa sallamawa aka yi.

Abin da muka rubuta a ƙarshe shi ne "layuka marasa haɗuwa", tare da sharaɗi biyu a ƙasa: su kasance a shimfiɗa ɗaya, kuma ko an tsawaita su ta kowane ɓangare ba iyaka. Sharaɗin shimfiɗa ɗaya ma sai da abokina ya nuna mini gefen rufin ofis da gefen daɓe na wani bangon, waɗanda ba su haɗuwa kuma ba su fuskanci wuri ɗaya ba, kafin na yarda a bar shi.