RUWA BA YA TSAMI BANZA: ABIN DA KE KASHE KIFI A KWAMI

Tun kaka da kakanni mutanen Gololo da sauran garuruwan ƙasar Katagum sun san kifi ne daga kogi da fadama. To, amma zamani riga ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu. Ga shi kuwa masu cin kifi kullum ƙaruwa suke yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa samari suka shiga kiwon tarwaɗa a kwamin siminti.

Sai dai sau da yawa mutum yakan zuba jarinsa duka, ya wayi gari ya tarar da kifin sun yi ruf da ciki a saman ruwa. Nan da nan sai a ce cuta ce, ko kuwa sammu. Alhali kuwa galibi ruwan ne ya ɓaci.

Abu na farko shi ne iskar oksijin. Ruwan rijiyar burtsatse, duk da kyansa a ido, yakan fito da ƙarancin wannan iska, saboda haka wajibi ne a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama kafin ya isa ga kifi. A tafkin da ya yi kore kuwa, iskar takan yi ƙasa ƙwarai da asuba, domin gansakuka na shan ta cikin dare. Babbar tarwaɗa takan jure, tun da Allah Ya hore mata shaƙar iska a saman ruwa. Amma karfasa da ƙananan 'ya'yan kifi ba su da wannan gata.

Na biyu shi ne amoniya, watau gubar da ke fitowa daga jikin kifi da kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Akwai waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke sarrafa ta har ta rage illa, amma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon mazubi. Wanda ya cika sabon kwami da kifi, kana ya yi ta watsa musu abinci don su yi saurin girma, lalle guba yake haɗa musu da hannunsa.

Na uku shi ne tsamin ruwa ko kanwa-kanwarsa, abin da masana ke aunawa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Kifin kiwo ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. Sabon siminti yakan ɗaga ma'aunin, kuma da zarar ya hau, ga zafin bazara, sai dafin amoniya ya ƙaru. Don haka ne akan jiƙa sabon kwami makonni, ana zubarwa ana sakewa, kafin a sa kifi.

Bugu da ƙari, ruwan famfo na ɗauke da kilorin, wanda ke tsare lafiyar mutum amma yake halaka kifi. A bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu tukuna. Haka nan lokacin hunturu tarwaɗa takan rage ci, domin ta fi son ɗumi na awo 26 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Idan ba a rage abinci ba, ragowar ce za ta ɓata ruwan.

Wannan ƙa'ida ita ce dai ta masu ajiye kifin ado da jatan lande cikin akwatin gilashi a birane. Su ma ba sa sake ruwa gaba ɗaya rana guda, sai kaɗan-kaɗan, don kada canjin ya girgiza kifin.

Ilmin nan ba a ƙasar waje yake ba. Akwai cibiyar binciken kifi ta Gwamnatin Tarayya a New Bussa, kusa da tafkin Kainji, ana kuma sayar da 'yan kayan awon ruwa a manyan garuruwa. Kuɗinsu bai kai asarar kwami guda ba. Ya kamata duk mai niyyar wannan sana'a ya fara auna ruwan rijiyarsa kafin ya sayi ɗan kifi ko ɗaya.