Haihuwar 'Ya Mace: Laifin da Ake Ɗora wa Uwa Ba Bisa Ilimi Ba

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mukan ji a rediyo cewa wani magidanci ya sallami matarsa tun ba ta gama wankan jego ba, don ta sake haifa masa 'ya mace. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne, har masu tausaya mata sukan yi magana kamar ita ce ta gaza, suna roƙon mijin ya yi haƙuri da ita.

Alhali masana halitta sun daɗe da raba wannan gardama. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da zaruruwan gado 46, waɗanda ake kira kuromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. A cikin zaruruwan nan, waɗanda ke raba jinsi su ne X da Y, kuma ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka. Ƙwayoyin maniyyi su ne suka kasu biyu, wasu da X, wasu da Y, kuma wadda Allah Ya ƙaddara ta riga shiga ƙwan, ita ce sababin mace ko namiji. A wajen kaji ne wannan rabo yake ga uwa. Kada kuwa, zafin ramin da ta binne ƙwanta shi ke yanke hukunci.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba shi ne, mace tana cikin waɗanda suka fara tabbatar da wannan al'amari. Nettie Stevens, mutuniyar Amurka, ta yi shekaru tana koyarwa tana tara guzurin karatu, har ba ta samu shiga Jami'ar Stanford ba sai da ta kai shekara 35. Sa'an nan a 1905, a kwalejin Bryn Mawr, bayan ta duƙufa a kan madubin ƙara girma tana ƙirga zaruruwan wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin gari, ta tarar macen tana da manya 20, namijin kuwa manya 19 da ɗan guntu guda, wanda shi ne yau ake kira Y. Wani masani, Edmund Wilson, ya kai ga makamancin wannan a shekarar, aka fi jingina masa falalar, ita kuwa ta rasu a 1912.

Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yau uwar miji takan yaye zanen jaririya, ta yamutsa fuska ta ce, "Mace kuma?" mai jego tana sunkuye, kununta na kanwa yana hucewa a gefe. Shi ma mijin ba shi da laifi, domin ba shi ya zaɓa ba. Laifinsa yana cikin ƙyamar kyautar Ubangiji, ɗabi'ar Jahiliyya da Musulunci ya zo ya rushe.

Ina kira ga limamanmu su faɗi wannan a huɗuba, ma'aikatan awon ciki kuma su nemi mazaje su zo su ji da kunnensu.