Nisan Kano Zuwa Jidda Ta Jirgin Sama

Duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, mutanen Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi kan raka maniyyatansu, daga bisani su tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Abin da 'yan rakiya suka fi tambaya shi ne sa'ar da jirgi zai sauka Jidda. Amsar tana bukatar a fara sanin nisan da ke tsakanin biranen biyu, kuma ɗalibin sakandare yana iya gano shi da kansa.

Taswirar da ke rataye a bangon aji ba za ta biya bukata ba, domin duniya ƙwallo ce, kuma duk wanda ya shimfiɗe ɓawon lemo ya san sai ya tsage ko ya miƙe. Sai a nemi ƙwallon taswirar duniya da zare. A dafe bakin zaren a Kano, wadda take wajen digiri 12 arewa da digiri 8.5 gabas, a ja shi ya yi tsauri har Jidda, wajen digiri 21.5 arewa da 39 gabas. Idan aka ɗora tsawon zaren a kan layin da ya raba duniya biyu, za a ga ya ci kusan digiri 31. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, wato kowane digiri ɗaya kilomita 111 ke nan. Ninkawa kawai ta rage: kimanin kilomita 3,400.

Zaren nan ya bi ta kudu maso gabashin Nijar, ya ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Abin sha'awa, kusan shi ne layin alƙibla. Shi ya sa alƙiblar Kano ba gabas sak take ba, ta ɗan karkata arewa da kimanin digiri 22.

Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a zai cinye wannan nisa cikin sa'a 4, ban da lokacin tashi da sauka. Alhazan da suka bi ta Borno da Wadai da Darfur da ƙafa, wasunsu shekaru suka yi kafin su ga teku.

To, amma fa jirgi ba kullum yake bin zare ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ya shiga magana, alhali Kano da Jidda suna nan inda suke.

Mai jiran labarin sauka kuma ya tuna agogon Jidda yana gaban na Kano da sa'a 2. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi sa'a 5 a sama, ƙarfe 5 na asuba zai taras a can, a Tarauni kuwa ƙarfe 3 ne.