Gane Ciwon Amfilifaya Mai Bawul Da Kiyaye Rai Wajen Gyaranta

Amfilifaya ita ce akwatin da ke ƙara ƙarfin murya kafin ta fita ta lasifika. Ta dā tana aiki da bawul, watau ƙwai na gilashi masu ɗaukar zafi. Irinta ce motocin majigi suka yi yawo da ita ƙauyuka a shekarun 1950. An ƙago taransisto a Amurka a 1947, sannu a hankali ya kore ta, amma makaɗan jita har yanzu suna sonta sabo da daɗin sautinta. Duk hakimin da ke da irinta a ajiye, lalle malaminsa ya san alamun ciwonta.

Na farko, in an kunna ba a ga bawul sun yi ɗan haske ba, a duba waya da fis. In fis ya ƙone, a sa wani daidai lambarsa. Kada a ɗaure shi da zaren waya, don wanda ya yi haka ya sayar da taransifoma a kan kuɗin fis.

Na biyu, in akwai haske babu murya, a kashe, a duba wayar lasifika. Kunna ta babu lasifika yana ƙona taransifomar murya. Girgizar mota kuwa, kamar daga Gusau zuwa Tsafe ko Bungudu, tana kwance bawul daga mazauninsa. In ya huce sai a danna shi a hankali.

Na uku, ƙarar ƙas-ƙas yayin murɗa maɓalli yawanci ƙurar hunturu ce. Gurnani mara yankewa kuwa alama ce kondensa sun tsufa.

Na huɗu, in ƙarfen cikin bawul ya yi ja kamar garwashi, ko aka ji ƙauri, a kashe nan take. In tabon azurfar da ke jikin gilashin ya koma fari, iska ta shiga, bawul ya mutu.

A kuma lura, wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Akwatin da aka yi don Amurka sai da taransifoma mai rage wuta.

Iyakar aikin malami ke nan. Cikin akwatin akwai wuta mai kai bolt 400 ko fiye, kondensa kuwa suna iya riƙe ta ko bayan an zare waya, kuma tana kisa. Sabo da haka hakimi ya hana dogarai da yara kwance murfin ƙarfen. Malami ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, da ranar da ciwon ya soma, ya haɗa takardar da akwatin zuwa wurin mai gyaran rediyo wanda ya san bawul. Takardar nan ita ke rage kwanakin gyara da kuɗinsa.